Faranti Mai Ramuka Shida

Ƙarfe huɗu na yamma a Foulum, duhu ya riga ya sauka.
Disamba ce, rana leƙe kawai take yi ta koma.
Gudrun Vestergaard ta zura hannu a safar roba,
ta zaro faranti daga akwatin ɗumi
a hankali, kamar mai ɗaukar ƙwai a ƙarƙashin kaza.

Ramuka shida, ruwa mai launin hoda,
ƙwayoyin tayin alade a ƙasan kowane.
Sun dunƙule wuri guda, gefensu na sheƙi.
Ba su zama komai ba tukuna,
ba hanta, ba ƙashi, ba fatar kunne,
amma duk suna kwance a cikinsu
yadda randa da tulu da kasko
ke kwance a curin yumɓu kafin hannu ya taɓa.

Masu gadi uku ke tsaron wannan jira,
Oct4, Sox2, da Nanog.
Kowane yana zungurin ɗan'uwansa kada ya yi barci.
Muddin suna hira, ƙwaya na nan a mararraba.
Ranar da ɗaya ya fara gyangyaɗi,
sai ƙananan ƙulle-ƙulle su hau zaren gado,
su ɗaure bakin wannan, su kwance na wancan,
ƙwaya ta ɗauki hanya, ba waiwaye.

Na ɓera masu sauƙin kai ne,
ka ba su abin da aka rubuta, su zauna.
Ta ba na alade wannan abincin, suka ƙi.
Ta rage, ta ƙara, ta sauya ruwa,
shekara shida, littafi goma sha ɗaya.
Abincin wani gubar wani.

Wayarta ta yi ƙara a aljihun farar riga.
Tsoho Ejnar ne daga gona,
ana jin gurnanin garke a bayansa.
"Har yanzu ba su zama aladu ba?"
"Baba, aikina ke nan, in hana su."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Shekara arba'in ina tashi da asuba
don su yi saurin girma,
ke kuma ana biyanki ki tsayar da su.
Ranar Lahadi ki zo, na gyara murhu."

Ta kifa wayar, ta sunkuya kan madubi.
Rami na farko ya baje, sheƙin ya tafi.
Na biyu haka. Na uku haka.
Na huɗu ta daɗe a kansa, shi ma haka.
A na biyar ɗan curi ɗaya ya rage,
da koren haske a tsakiyarsa,
Nanog bai kwanta ba.
Ta rubuta kwanan wata, ta ja layi biyu.

Na shida kuwa, wanda ta manta da shi tun makon jiya,
wani abu na motsi a gefensa.
Ta goge ido, ta sake dubawa.
Ƙwayoyi kamar ɗari, sun haɗa kai,
suna matsewa, suna saki,
suna matsewa, suna saki.
Zuciya ce ba jini, ba ƙirji,
ba wanda take yi wa aiki.

A ƙa'ida, wannan asara ce.
Kwandon shara na nan kusa da ƙafarta.
Asger ya leƙo da jaka a kafaɗa,
"Motar ƙarfe biyar za ta wuce ki."
Ta ce ya je.

Ta ɗora yatsa biyu a wuyan hannunta,
ido a madubi, tana ƙirgawa.
Nata saba'in da biyu.
Na farantin bai kai arba'in ba,
yana tsallake ɗaya, yana dawowa.
A waje dusar ƙanƙara ta rufe sirdin kekenta.